Huda Biyu a Bangon Madafa

In kana son ka ɓata mani rai tun da sahe, ka yabi Attahiru Mai Hanci a gabana. Shekara arba'in ke nan mutanen Wurno suna yi mani haka, kuma har yau ban saba ba. Ni sunana Lauwali, magini ɗan magini, jikan magini. Shi kuwa Attahiru ɗan manoman albasa ne daga Kagara, can ƙasar Goronyo. Ubanai yak kawo shi gidanmu koyon gini shekarar da uwatai tar rasu, yad danƙa shi hannun Baba, yak koma gona.

Bari in faɗa maku gaskiya tun yanzu, don kada wani shi ce hassada ce kaɗai ke magana, ko da yake tana ciki. Attahiru ba shi da hannu. Wallahi ba shi da shi. In ya ja bango sai ka karkata kai kahin ka gan shi a miƙe. Yaɓenai kuwa, kai dai a bar zancen. Ni ko tun ina ƙarami in na shafe bango, mata har hannu suke kai mai suna shafawa. Abu guda yah hi ni, shi ne shisshigi. Ba ya shiga ɗaki bai ɗaga hanci ya shinshina ba.

Wata rana Baba yab ba mu aikin madafa a wani gida, ni in ja bango biyu, Attahiru shi ja biyu. Da Baba yaz zo dubawa sai yag ga huda biyu a bangon Attahiru, guda ƙasa kusa da inda za a aza murhu, guda can sama dab da ruhi.

Baba yac ce, "Wanga kuma mi ne? Tubali ya ƙare maka?"

Ni har na fara murna, na ce yau za shi sha faɗa.

Attahiru yas sunkuyar da kai yac ce, "Baba, can gida in mun ajiye albasa cikin rudu, rumfar karan nan, sai mun ɗaga ta daga ƙasa, mun bar iska ta shiga ta ƙasa ta hita ta sama. Wadda anka toshe, ruɓewa take. Innata shekara ashirin tana girki cikin bukka a toshe, tari yak kashe ta. Na ce albasa ma an bar mata hanyar iska. Ɗaki shina da baki, shi ne ƙofa, sai a yi mai hanci."

Baba yas sa anka kawo ɗanyen haki, yak kunna shi a wurin murhun, munka tsaya muna kallo. Hayaƙin nan yat tashi, yab bi bango, yah hice ta hudar sama salun alun. Sai Baba yad dube ni, yad dubi Attahiru, yac ce, "Lauwali ya iya gina ma ido. Kai ka iya gina ma mutum."

A gaban lebura yaf faɗe ta. Baba ya yi shekara talatin a kabari, Allah shi jiƙanai, amma maganar nan tana nan inda ya aje ta a ƙirjina.

Ni nas sa mai suna Mai Hanci, don a riƙa yi mai dariya. An ko yi, kamar wata biyu. Daga nan sai mata sunka fara aiko mazansu: "A kira muna Mai Hancin nan." Ka ji irin sa'ata! Na yi mai zambo, ya zame mai talla.

Haka yag girma, ya auri wata Hassana, yas sayi keke, yar riƙa yawo tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo da guduma ɗaure a baya. Bai yi arziki ba, wannan kam ina gode ma Allah, don da ya haɗa suna da kuɗi ban san inda za ni sa kaina ba. Amma duk majalisar da ka zauna sai an kawo labarinai. Wai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Rabah iyalinai kullum ciwon kai, an sha magani har an gaji, Attahiru ya je gyaran katanga yag ga janareta ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, yaj ja ta can bayan gida, ciwon kai ya tahi. Wai ya shiga wani gida ya iske buhunan wake da kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwarin nan mai guba, ƙarƙashin gadon da yara ke kwana, yas sa anka hid da su zaure. In ya ga mace tana hura wuta da leda ko tsohon silifas, sai shi tsaya shi yi ta roƙonta kamar ɗiyatai ce, har shi tsinto mata kara da hannunai. Mai kunna maganin sauro ya ruhe ƙofa, Attahiru ya ce mai shi rataya gidan sauro. Mai shiga da kaskon gawayi ɗaki ya ja ƙyaure, ya ce mai kabari shike yi ma kainai. Bango in ya yi baƙi-baƙin danshi shina wari, sai shi hau shi gyara indararo, shi ce a buɗe ɗaki rana ta shiga. Har turaren wuta bai bari ba, wai a turara a buɗe ƙofa. Ni dai nac ce, mutum magini ne ko malamin asibiti? Shi zaɓi guda.

Sai 'yan bindiga sunka matsa ma ƙauyuka. Mutanen Rara da maƙwabtansu sunka yi ta kwararowa Rabah, wasu har Wurno, kowa shina son ɗan ɗakin da za shi sa iyalinai. Kuma duk abu guda suke faɗi: kada a yi taga. Wanda yag ga an zuro bakin bindiga ta tagar ɗakinai ba ka gaya mai amfanin iska. Ni kuwa abin da mai ɗaki yac ce shi nike yi: bulo, kwano, ƙofar ƙarhe, ko allura ba ta shiga. Attahiru yac ce shi ba ya gina ɗaki ba hanci, aiki yab bar hannunai yad dawo nawa. Shekara biyu ina ganin kekenai jingine a ƙofar gida. Ba ni ɓoye maku, shekarun nan na ci tuwo da daɗi.

Ashe mutumin zaune shike shina tunani. Sai ga shi da sabuwar huda, ƙarama, dunƙulen hannu ba ya shiga, a karkace cikin kaurin bango ta yadda na waje ba ya hango na ciki, an kuma sa mata raga saboda maciji da sauro. Ba a yi damina guda ba, mutanen da nag gina ma ɗakuna sunka fara neman shi.

To mu magina muna da ƙa'ida tun ta kakanni. Magini ba ya kai ƙarhe jikin bangon da wani magini yag gina, in mai ginin shina raye, sai ya je ya nemi izni. Attahiru kuwa ba ya tsallake ƙa'ida. Ran nan ina zaune majalisa bayan la'asar, mutane cike, sai ga shi ya durƙusa.

"Yaya Lauwali, ɗakin da kag gina ma matar nan ta Rara mai marayu huɗu. Cikin ɗakin take girki, cikinai suke kwana, ƙaramin ba ya barin tari. Ka ba ni izni in huda."

Mi za ni ce a gaban jama'a? Nac ce shi je shi huda. Yad dawo bayan sati, wani ɗaki. Yad dawo kuma. Sau goma sha ɗaya Attahiru shina durƙusa mani, kuma kowane durƙuso ji nike kamar ya mare ni. Na ƙirga su sarai. Rana ta sha ɗaya nar rantse a raina, duk bangon duniya shi huda, ban da na gidana.

Yanzu sai in kawo ku gidan nawa.

Matata Husainatu mai masa ce. Duk wanda yat taɓa karin kumallo a unguwarmu ya san masarta. Shekarar da munka yi aure nag gina mata madafa da hannuna, irin wadda babu kamarta a layin: yaɓen siminti sumul, ruhin kwano, ƙofa guda. Ɗakuna sun tokare ta dama da hagu, bangon da murhu ke jingine da shi kuwa shi ke kallon babbar hanyar kasuwa, inda kowane magini na garin ga ke wucewa. In an huda, nan za a huda. Huda biyu, guda ƙasa guda sama, kowa a Wurno ya san hannun wa ke nan. A bangon Lauwali! Haba.

Shekara talatin da biyar Husainatu tana tsugune gaban tanda a ɗakin nan. Tsakar gidanmu ƙarama ce, ga awaki, don haka ko da rani ciki take yi. Da damina kuwa, in itace ya jiƙe, sai ka ji muryarta ba ka ganinta. Bangon da nash shafe fari tas ya koma kamar gindin tukunya. Idonta kullum ja, kullum ruwa. Tari ya fara kamar wasa, na sanyi, mu sayo magani, shi lafa, shi dawo.

Ita da Hassana matar Attahiru ƙawaye ne, kuma sa'o'in juna. Wata rana tad dawo daga gidansu tac ce, "Malam, na shiga madafar Hassana tana tuwo, wallahi har hira munka yi a ciki, ko hawaye ban yi ba. Ba a yi muna irin hudar nan?"

Da ta ce taga, da wataƙila na yi. Amma ta ce irin ta gidan Attahiru.

Nac ce, "Ke mi kinka sani game da gini? Bangon ga ba ya huduwa. Shi ke ɗauke da ruhi. Kin taɓa shi ya tsage, kwano ya zo maki bisa kai."

Ƙarya ce tsagwaronta. Ni nag gina shi, na san ko taga mai ƙyaure biyu za shi ɗauka. Amma Husainatu ba ta taɓa shakkar maganata a kan gini ba. Tac ce, "To, Allah shi kyauta," tak koma bakin tandarta. Bayan shekara biyu ta sake tambaya, bayan wasu shekaru ta sake, ni kuma ina maimaita mata amsa guda har na kusa yarda da ita ni ma.

Wata Sallar layya Attahiru yaz zo gaisuwa, kamar yadda shike yi kowace shekara don darajar Baba. Muna zaure ana suyar nama a ciki, sai tarin Husainatu yat taso, irin mai tuƙewa, har sai da munka yi shiru muna jiran shi ƙare. Nag ga hancin nan nashi ya motsa.

Yac ce, "Yaya, ka ba ni rabin yini."

Nac ce, "Na mi?"

"Ko kai ka yi da hannunka, ba sai ni ba. Ka hi ni hannu, kowa ya sani. Irin tarin Innata ne wanga."

Jinina yah hau. Nac ce, "Attahiru, a gidan ubana kac ci tuwo kag girma, yau kai za ka koya mani zama da iyalina? Ɗauki namanka, ka gaida gida."

Yat tashi, yas sa takalmi, yac ce, "Allah shi ba ta lahiya." Ko namanai bai ɗauka ba. Kun san abin da yah hi ba ni haushi? Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Daminar bara abin yaz zo. Ɗiyarmu Zakiyya, wadda ke aure a Goronyo, ta zo ganin gida. Da hantsi ina bakin aiki anka zo anka kira ni. Na iske Husainatu zaune a ƙasa bakin ƙofar madafa, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu, masa tana ƙonewa a tanda. Tana son ta yi magana, kalma guda sai ta tsaya ta nemi numfashi. Leɓenta ya sake launi. Munka ɗauki mota sai asibitin Sakkwato.

Kwana uku tana kwance da robar iska a hanci. Rana ta huɗu likita, wata yarinya da ba ta hi Zakiyya ba, taz zo da hoton ƙirji a hannu, tad dube ni tac ce, "Baba, Mama tana shan taba?"

Nac ce, "A'uzubillahi! Matata? Ke ɗiyar nan, ki san abin da kike faɗi!"

Tac ce, "Yi haƙuri Baba, dole ce in tambaya. Huhun da nike gani na wanda yad daɗe shina shaƙar hayaƙi ne. Ina take girki?"

Zakiyya tac ce cikin madafa, da itace.

"Akwai taga? Ko wata kafa da hayaƙi ke hita?"

Husainatu ce taj janye robar daga hancinta, tana haki, tac ce, "Likita, bangon ne ba ya huduwa. Maigidana magini ne, duk Wurno ba kamar shi. Da shina yiwuwa da ya yi tuntuni."

Kare ni take yi. Tana kwance ba ta iya cika numfashi, tana kare ni da ƙaryar da ni nab ba ta. Na ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar nan ba.

Likita tac ce abin da yal lalace a huhu ba ya dawowa. Abin da yar rage shi za a lallaɓa, da magani, da nisantar hayaƙi kowane iri. Tanda kam ta bar ta ke nan.

Washegari nab bar Zakiyya wurinta nad dawo Wurno. Ranar kasuwa ce. Ina sallame azahar naɗ ɗauko tsani da guduma da ƙarhen sassaƙa, nak kafa tsanin a bakin hanya, jikin bangon madafa. Masu jakai, masu babura, 'yan albasa, kowa ya wuce sai ya waiga. Wani magini abokin wasana yac ce, "A'a, Lauwali, yau kai ne da hanci?" Ban kula shi ba. Na huda ta ƙasa, na hau na fara ta sama. Da ƙarhen yaf fasa ciki, wani baƙin gari yaz zubo mani a hannu, kunkunniyar shekara talatin da biyar, mai maiƙo, mai ɗaci. Na tsaya ina kallonta a tahin hannuna.

Sai naj ji tsanin ya daina rawa. Na duba ƙasa, Attahiru ne, ya jingine kekenai ya riƙe mani shi da hannu biyu. Na gyara bakin hudar, na karkata ta, na sa raga, na shafe gehenta da siminti. Da nas sauko yaɗ ɗaga kai ya daɗe shina dubawa.

Yac ce, "Ta hi tawa kyau."

Ta ko hi. Kuma ko a lokacin sai da naj ji haushinai, don na san ba ba'a shike yi ba. Ana kiran la'asar ina wanke hannu. Bango ko tsagewar gashi bai yi ba.

Bayan sati biyu anka sallamo Husainatu. Ran da tad dawo Hassana taz zo gaishe ta, da ƙafa tun daga wancan ƙarshen gari, ɗauke da kwanon fura a kai. Tas sauke, tay yi sallama da ƙarhi, taz zauna tana zuba labari ba ko haki. Na tsaya daga zaure ina sauraren tsohuwar nan. Shekara arba'in ina jin zahin sunan da Attahiru yay yi, da maganar Baba, da durƙuso goma sha ɗaya. Ranar nan duk sunka zama ba komi. Numfashin matar Attahiru nike ma hassada, kuma wagga ba ta wucewa.

Da baƙi sunka watse, Husainatu tac ce a kai ta ta ga madafarta. Daga ƙofar ɗakinta zuwa can taku goma sha biyu ne, sai da munka tsaya sau biyu. Zakiyya ce a ciki tana dama kunu. Na tsayar da ita daga bakin ƙofa saboda maganar likita, amma babu ma hayaƙin da za shi same ta. Shina tashi daga murhu, shi bi bango, shi hice ta sama. Hasken rana ya shigo ta hudar ya sauka bisa tandarta da ke kihe a gehe.

Ta daɗe tana kallo. Tab bi bangon da ido tun daga ƙasa har ruhi, tas sake bi.

Tac ce, "Bai tsage ba."

Nac ce, "Bai tsage ba."

"Attahiru yay yi?"

"Ni nay yi."

"Kwana nawa yaɗ ɗauke ka?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Nac ce, "Tsakanin azahar da la'asar."

Ba abin da nike ji sai ƙirjinta shina shiga shina hita da ɗan kukan nan. Ba ta yi hushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mani ba tun da munka yi aure.

Tac ce, "Ashe ka iya, Malam."

Tas saki hannuna, tak kira Zakiyya ta zo ta mai da ita ɗaki.